Tallan da Ya Ƙi Barin Ɗakin Baffa

Shafi na 23

Masu turo mini saƙo tun da sassafe wai na bar Hindatu a ƙofar ɗaki da tiren shayi har kwana uku, to ga ta nan, ku huta. Ke kuma da kika ce Yaya Yahuza ya fi kowa hankali a labarin nan, ni dai ban ce miki komai ba, ki karanta.

*

Hindatu ta yi sallama ta shiga ɗakin Baffa. Kafin ta kalli mahaifin nata, idonta ya riga ya sauka a kan kwamfutar da ke bisa cinyarsa.

Tallan ya dawo.

Ga shi nan a gefen labaran da yake karantawa. Hoton wani dattijo ne kwance a gadon asibiti, wata mata tana gyara masa matashi. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa suna kawo gado da maganin rage raɗaɗi har gida ga masu ciwon daji.

Tiren ya girgiza a hannunta, cokali ya bugi kofi.

"Dada, lafiya?" Baffa ya tambaya. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiranta Hindatu ba.

"Lafiya lau, Baffa. Tiren ne ya so ya kuɓuce mini."

"To ajiye kafin ki yi mana ɓarna."

Ta durƙusa ta ajiye.

Sati uku ke nan da likita a Kano ya ja yayanta Yahuza gefe ya faɗa masa sunan ciwon da ke damun Baffa. Ciwon daji ne a mafitsara. Yahuza ya dawo ya ce mata an gano da wuri, magani zai yi aiki, amma kada ta kuskura Baffa ya ji. Dama a wajenmu ba a duban tsabar idon babba a faɗa masa irin wannan. Na Baffa kuma ya wuce al'ada, har da rantsuwa a ciki. Ranar da aka binne yayansa Alhaji Bubayero, wanda wannan ciwon ya kwantar wata biyar a asibiti, a gaban jama'a Baffa ya ce in dai shi ne ya same shi, kada wanda ya kai shi ko'ina, a mayar da shi garinsu Buji ya mutu yana jin kukan shanunsa. Kowa ya san Baffa ba ya magana biyu.

Shi ya sa suka ce masa ciwon fitsari ne irin na tsufa, suka ajiye shi a gidan Yahuza da matarsa Safina a unguwar Takur. Ranar Litinin za a fara yi masa magani a Kano. Yau Alhamis. Kwana huɗu kawai suke nema ƙaryar ta riƙe.

Sai dai Baffa ba tsohon da za ka ce wa takarda ta ce kaza ya gyaɗa kai ba ne. Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin malamin dabbobi, daga wannan ruga zuwa waccan, Turancin jikin kwalbar magani ya fi mu iya shi. Ita kuwa Hindatu, da tausayin zaman kaɗaici ya kama ta, ta ba shi aron kwamfutarta ya riƙa karanta labarai. Ta manta a kanta ta kwana biyu tana binciken asibitoci da tiyata. Da tallan asibitocin ya fara fitowa, ranar Talata ta share komai, ta yi ajiyar zuciya. Ga shi yau an koma gidan jiya.

Baffa ya kurɓi shayi. Tallan yana nan, tsakaninsa da idonsa bai kai kamu biyu ba.

"Na'urar nan taki tana da abin mamaki," ya ce. "Shekaranjiya sai ta manta da ni. Duk inda na shiga sai a ce wane ne kai, kawo lambar sirri."

"Takan yi haka, Baffa."

"Ashe?"

"Eh. Baffa, yau zan tafi da ita ofis, akwai aikin da zan ƙarasa a kanta."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ɗan daddanna wani abu, ya rufe kwamfutar da kansa ya miƙo mata.

"Ɗauki kayanki, Dada. Na gama da ita."

*

A ƙofar gida ta samu Yahuza yana goge gilashin mota zai tafi aiki. Ta waiga ta tabbatar tagar Baffa a rufe take, sannan ta matso.

"Yaya, ka taɓa kwamfutata?"

"Ni da nake da tawa a ofis, me zan yi da taki?"

"Anti Safina fa?"

"Safina ko kunna ta ba ta iya ba. Mene ne?"

"Tallan ya dawo."

Hannunsa ya tsaya a kan gilashin.

"Ba kin ce kin goge ba?"

"Wallahi na goge. Jiya da na duba tallan siminti ne da na waya. Yau kuma ga shi."

"Ya gani?"

"A gabansa yake, Yaya. Ko makaho ya ji a jikinsa."

Yahuza ya jefa tsumman cikin mota. Mutum ne mai sanyin magana, amma yau muryarsa rawa take.

"Ke da shegen bincike. Likita ya faɗa mini, na faɗa miki, me kuma kika je nema a intanet? Kwana huɗu ya rage, Hindatu. In tsohon nan ya gane, ko da ƙafa sai ya tafi Buji, kin san shi."

"Na sani."

"To ki san yadda za ki yi da abin nan. Ki bar ta a ofis, ki ce ta lalace."

"Yaya, akwai wani abu kuma."

"Ina jin ki."

"Tallan yau daban ne. Na kwanaki asibitoci ne da tiyata, abin da na bincika ke nan. Na yau gado ne da maganin raɗaɗi, irin na wanda aka sallamo gida. Ni ban taɓa neman wannan ba."

Ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar, ya jawo aljihun gaban mota yana birkita takardu. Ya fito da su duka, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, ya sake fitowa da su.

"Me kake nema?"

"Ba komai. Takardar inshora."

"Yaya, ba dai an gano da wuri ba?"

"Sau nawa zan gaya miki?" ya ce, bai ɗago ba.

Ya shiga ya ja mota, ko tayin rage mata hanya bai yi ba. Ta tsaya a bakin titi rungume da kwamfuta har adaidaita ta zo.

*

Ba ta ko leƙa teburinta ba, ɗakin kwamfutoci ta wuce kai tsaye. Mashkura, ƙawarta tun daga jami'a, ita ke kula da na'urorin ofis ɗin, ita ce kuma ta koya mata gogewar ranar Talata ta waya. Ta same ta tana cin ƙosai a takarda.

"Ke, wa ya mutu?" Mashkura ta ce, sai kuma ta kama bakinta. "Yi haƙuri, bakina ne. Zauna."

Hindatu ta dire mata kwamfutar.

"Kin ce in na goge shi ke nan."

"Ban ce shi ke nan ba. Cewa na yi za su manta da ke, sai in an sake tuna musu."

"Sake yi mini bayanin. Ranar Talata hannuna ne kawai yake dannawa, kaina ba ya tare da ni."

Mashkura ta goge mai a hannunta ta jawo kujera.

"Kin san in kin shiga shafi, wani ɗan akwati yakan fito ya tare miki rubutu, ya ce ki amince?"

"Eh."

"Me kike yi?"

"Dannawa nake ya ba ni wuri."

"Kin taɓa karantawa?"

"Wa yake karanta wannan?"

"To ai shi ne. Kukis kika amince da su. 'Yan ƙananan bayanai ne da shafi yake ajiyewa a cikin na'urarki. Wasu masu amfani ne, su suke sa shafi ya gane ki, ba sai kin sake sa lambar sirri kullum ba. Wasu kuma na 'yan talla ne. Kamfanin talla ɗaya yana da wurin zama a shafuka dubu. Ya ba ki lamba a shafin asibiti, ki koma shafin labarai ya ga lambar nan, ya ce ga mai neman asibiti ta zo, a nuna mata namu."

Hindatu ta gyaɗa kai.

"Kamar lambar da Baffa yake maƙala wa shanu a kunne ranar rigakafi," ta ce a hankali. "Duk kasuwar da aka kai saniya an san ta."

"Kin ma fi ni iya bayanin. Kuma ba ruwansu da wanda ke zaune a gaban allo. Ke ce, Baffa ne, maƙwabci ne, su dai lambar suka sani."

"Amma na cire ta."

"Kin cire. Jiya me kika gani?"

"Siminti."

"Kin ga ta ciru ke nan. In yau ya dawo, ko dai kin shiga wani asusunki da ke ɗauke da tsohon binciken, don ba kukis kaɗai suke bin mutum da su ba, ko kuma wani ya sake zuwa irin wuraren."

"Ban shiga komai ba. Tun Talata ko imel ban buɗe a kanta ba."

"To bari mu ga inda aka je."

Mashkura ta buɗe tarihin shafukan da aka ziyarta. Ta ɗan matso da fuskarta, ta ja ƙasa, ta ja sama.

"Babu komai."

"Alhamdulillahi."

"Tsaya tukun. Babu komai fa na ce. Ba kin ce kullum da safe yana karanta labarai a kanta ba?"

"Har yau da safe."

"To ina labaran?"

Hindatu ta kalli farin allon.

"Ke kika share yau?" Mashkura ta tambaya.

"A'a."

"To wani ya share. Kuma wanda ya share ɗin tarihi kawai ya san a share. Bai san da kukis ba."

"Mashkura, bar shi haka."

"Kin tabbata?"

Ba ta tabbata ba. Tsoro ne ya cika ta, irin wanda mutum yake ji in ya san amsa amma yana roƙon kada a faɗa.

"Buɗe."

Mashkura ta shiga can cikin saiti, inda na'ura take jera sunayen shafukan da suka ajiye kukis. Jerin ya fito. Na labarai guda uku suna sama. A ƙarƙashinsu shafin wata ƙungiyar masu ciwon daji. Sai na bayanin magunguna. Sai na masu kula da marasa lafiya a gida. Sai wasu da yawa masu baƙin sunaye, Mashkura ta ce na 'yan talla ne da suka biyo sahu.

"Duk waɗannan bayan gogewarki suka shigo," ta ce. Wasa ya bar muryarta. "Wa yake taɓa ta ban da shi?"

"Babu."

"Hindatu, ni fa ina ganin ya sani."

Hindatu ta tuna kallon da ya yi mata ta saman tabarau. Ta tuna ya ce ya gama da ita. Ta miƙe har kujerar ta faɗi.

"Ina za ki? Kira Yaya Yahuza mana."

Tana sauka daga bene tana kiransa, har sau uku bai ɗauka ba. Ta tura masa saƙo cewa ya zo gida yanzu, Baffa ya sani. A bakin sakatariyar da ofishinsu yake ta tare adaidaita, ba ta ko tambayi kuɗi ba ta ce Takur, ya yi sauri don Allah.

*

Tun daga kan kwana ta hango motar. Tsohuwar a-kori-kura ce mai jan ƙasa har gilashi, tana fake a inuwar dabinon ƙofar gidan. Ta san ta sarai. Ta Isah ce, ɗan marigayi Alhaji Bubayero, wanda yake ɗaukar buhuna daga Buji ranar kasuwa. Yana zaune a ciki ya miƙe ƙafa, da ya gan ta ya washe baki.

"Hindatu 'yan birni. Baffa ya ce in zo da hantsi, wai an sallame shi."

Ta shige gida, takalminta ɗaya ya tsaya a zaure.

Baffa yana zaune a bakin gado cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya kafa hula, sandarsa a jingine da gwiwa. Jakarsa a zuge a gefe, rediyonsa a kai. Har dardumar sallarsa ya naɗe.

"Dada, kin dawo da wuri. Aikin ya ƙare?"

Ta durƙusa a gabansa, numfashinta yana sama.

"Baffa, ina za ka?"

"Gida."

"Litinin fa? Likita yana jiran mu."

"Likitan ciwon fitsarin tsufa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ɗago ki dube ni."

Ta kasa.

"Shekara talatin da biyu ina duba dabba," ya ce, ba faɗa a muryarsa. "Saniya ba ta magana, amma in ta kwanta na san kwanciyar gajiya, na san ta tafiya. Ni da nake da baki da ido kuke tsammani ba zan gane jikina ba? Kun ɓare takardar jikin kwalbar magani, kun zuba mini ƙwayoyi a farar leda. Wannan dabarar wa ya koya muku? Ni nake yi wa Fulani ita in ba na so su saya su yi da kansu."

"Baffa, ka yafe mana."

"Me kuka yi? Abin da na yi wa Yaya Bubayero kuka yi mini. Har ya rasu ina ce masa gyambon ciki ne."

Hawaye suka zubo mata. Ta sa gefen mayafi ta share, wasu suka biyo.

"Tun yaushe ka sani?"

"Zargi tun ranar da muka dawo daga Kano, da na ga yayanki yana ta yi mini fara'a. Shi da tun yana yaro in ya fasa ƙwarya sai ya fara dariya. Tabbaci kuma shekaranjiya." Ya ɗan karkata kai. "Ke kuma ya aka yi kika san na sani? Ai na share. Duk abin da na duba sai na bi na goge, yadda na ga kina yi."

"Tarihi kawai ka goge, Baffa. Akwai wata lamba da shafukan suke sa wa na'ura, ita ba ka cire ba. Da ita masu talla suke gane mutum duk inda ya shiga."

"Lamba?"

"Kamar ta kunnen shanu."

Baffa ya yi dariya, gajeriya, har ta sa shi tari.

"Ikon Allah. Na ƙare rayuwata ina huda kunnen shanun mutane, ashe ni ma za a huda nawa ban ji ba. Shi ya sa suka bi ni da gado. Na shiga labarin damina, gado. Na shiga farashin gero, gado. Na ce waɗannan mutane ko kunya babu, 'ya'yana suna ɓoye mini, su suna yi mini tayi."

"Laifina ne. Ni na fara binciken."

"Naki na gani tun makon jiya, asibitocin ƙasar waje da likitoci masu murmushi. Na yi shiru, na ce yarinya tana nema wa ubanta mafita, Allah ya yi mata albarka. Da kika zo kika share, na'ura ta manta da ni, na san tsoro ya kama ki. Na so in tafi ban ɗaga miki hankali ba."

A waje Isah ya ɗan taɓa hon sau ɗaya.

Hindatu ta rarrafa ta dafa jakar da hannu biyu.

"Baffa, don girman Allah kada ka tafi. Na san ka rantse, za mu yi kaffara, ni zan yi azumin in ana karɓa. Naka ba irin na Baffa Bubayero ba ne. Shi an makara. Kai an gano da wuri."

"An gano da wuri."

"Wallahi. Na karanta, in aka kama shi tun bai yaɗu ba mutane suna shekara goma, har fiye. Kwana huɗu ne kawai, Baffa. Ka ba mu Litinin. In ka je ka ji bayanin likita da kunnenka ba ka gamsu ba, ni da kaina zan raka ka Buji."

Kallonta kawai yake, kuma a hankali fuskarsa ta sauya. Ɗan murmushin da ke gefen bakinsa ya tafi.

"Dada, sake faɗa. Wa ya ce miki an gano da wuri?"

"Likita."

"Da bakinsa ya gaya miki?"

"Yaya ya gaya wa. Ni ina wajenka a lokacin."

"Kin ga takardar?"

"Yaya ya ce tana wajen likita."

Baffa ya rufe ido. Ta ji yana salati ƙasa-ƙasa. Da ya buɗe, idanun sun kaɗa, abin da ba ta gani ba ko ranar da aka binne mahaifiyarsu.

"Ni na ɗauka ku biyu kuke yi mini," ya ce. "Ashe ke ma yi miki ake."

"Baffa, ban gane ba."

Ya cire hularsa. Daga cikinta ya zaro wata takarda da aka ninke huɗu, gumi ya ɗan jiƙa gefenta.

"Shekaranjiya da yayanki ya kai ni aski, ya fita sayen ruwa. Na buɗe aljihun motarsa ina neman tsinken sakace."

Ta tuna Yahuza da safe yana birkita takardu. Ta tuna gadon da ke cikin tallan, da maganin raɗaɗi, da yadda ta ce ita ba ta taɓa neman wannan ba. Hannunta ya saki jakar.

"Abin da ke layi na uku shi na rubuta wa na'urarki," Baffa ya ce. "Ba ta yi mini ƙarya ba, ita kam."

Ya miƙo takardar. Ta kalle ta, ta kasa ɗaga hannu.

Ƙarar mota ta tsaya a waje da ƙarfi. Aka buga ƙofa, aka ji muryar Isah yana gaisuwa ba a amsa masa ba. Takun sauri ya ratso zaure, ya zo ƙofar ɗakin ya tsaya cak. Ta ƙasan labule tana ganin ƙafafun yayanta, bai shigo ba, bai yi sallama ba.

Yahuza ɗan fari ne. Kunyar ɗan fari kuwa Baffa ya riƙe ta yadda ya gada a ruga. Tun da Hindatu ta yi wayo ba ta taɓa jin ya ambaci sunansa ba, daga yayanki sai wancan, sai mai gidan nan. Ko a takardar makaranta in an zo wajen sunan, nuna wa malami yake da yatsa.

Baffa ya ajiye takardar a kan gwiwarsa, ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama.

"Yahuza."

Labulen ya motsa.

"Yahuza, shigo ka gaya wa ƙanwarka abin da likita ya ce."